Jagorar Kiwon Ƙwayoyin Hanji Domin Rage Teɓa da Gyaran Ciki

A cikin babban hanjin kowane baligi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda wata ƙididdiga da masana na Cibiyar Weizmann suka wallafa a 2016 ta kiyasta yawansu da kimanin tiriliyan 38, ko da yake nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Mun saba kiran kowace irin bakteriya da suna ƙwayar cuta, kuma sunan ya zalunci mafi yawansu, domin waɗannan na hanji su ne ke ƙarasa narkar da abin da ciki ya kasa narkarwa, su samar da wasu bitamin irin su bitamin K, su kuma cike gurbin da masu cutarwa za su so su zauna. Tun da labarin alaƙarsu da ƙiba ya bazu, kasuwa ta cika da kafso da shayi da garin haɗi da ake cewa suna gyara hanji su narkar da kitse. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne cewa waɗannan halittu kiwonsu ake yi kamar yadda ake kiwon dabba, wato da abin da ake zuba musu kullum, kuma mafi yawan abincin da suke so yana cikin kasuwanninmu da araha.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

A 2004, a ɗakin binciken Jeffrey Gordon da ke Jami'ar Washington ta birnin St. Louis a Amurka, an ɗauki ɓerayen da aka raina ba tare da ko ƙwayar bakteriya ɗaya a jikinsu ba, aka sa musu bakteriyar ɓeraye na yau da kullum. Cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin 100, alhali abincin da suke ci ya ragu. A 2013 wannan ɗakin binciken ya nemo mata tagwaye waɗanda ɗaya ke da ƙiba ɗaya kuma ba ta da ita, aka dasa bakteriyar hanjinsu a cikin ɓeraye, sai waɗanda suka karɓi ta mai ƙiba suka fi tara kitse. Sashen da ya fi muhimmanci a wannan aiki shi ne wanda ba a cika ambata ba. Da aka haɗa ɓerayen biyu a keji ɗaya, bakteriyar marasa ƙiba ta shiga hanjin sauran ta hana su tara kitse, amma hakan ya faru ne idan abincin kejin mai yawan ganye da 'ya'yan itace ne; da aka ba su abinci mai maiƙo marar ganye, sai kariyar ta ɓace.

Mutum ba ɓera ba ne, kuma a jikin mutane sakamakon ya fi haka sanyi. An gwada dasa bakteriyar siraran mutane a hanjin masu ƙiba, har da wani gwaji da aka yi wa matasa 87 a Niyuzilan aka wallafa a 2020, nauyinsu bai sauka ba. Inda aka ga tasiri shi ne inda aka canza abinci. A 2023 an killace mutum 17 a Amurka ana auna duk abin da ya shiga cikinsu da duk abin da ya fita, aka ba su abinci iri biyu masu yawan kalori ɗaya (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ɗaya na gari mai laushi da kayan masana'anta, ɗaya na hatsi da wake da ganye. A kan abinci na biyu, ƙarin kimanin kalori 116 a kowace rana sun fice ta bayan gida ba tare da jiki ya ɗauke su ba. Wannan ya ɗan ɗara rabin abin da ke cikin robar lemo ɗaya. Ba abin rainawa ba ne idan ya taru wata da watanni, amma duk wanda ya ce gyaran hanji kaɗai zai sauke kilo 20 ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

Yadda abin ke aiki kuwa yana da sauƙin fahimta. Akwai wani sashe na tsirrai da ake kira faiba, shi ne dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye da yauƙin kuɓewa, wanda ciki da ƙaramin hanji ba sa iya narkarwa. Yana isa babban hanji sai bakteriya su ruɓar da shi, su fitar da wasu sinadarai masu tsami guda uku: asitet, furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin fatar da ta lulluɓe cikin babban hanji. Sinadaran kuma suna zaburar da hanji ya saki abubuwan da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi, ciki har da GLP-1, wanda allurai irin su Ozempic ke kwaikwayon aikinsa da ƙarfin da ya ninka na abinci sosai. Idan kuwa faiba ta yanke, an ga a ɓeraye cewa wasu bakteriyar suna komawa cin majinar da ke kare bangon hanji, bangon ya yi rauni.

Mataki na farko: a auna, a rubuta, kafin a taɓa tukunya

A ware mako guda ba tare da an canza komai ba. A sami littafi a riƙa rubuta abin da aka ci da abin da aka sha, har da shayin safe da cokulan sukarin da aka zuba, da tsiren dare, da lemon da aka sha a wurin biki. A rubuta sau nawa ake zuwa bayan gida da yadda yake fita. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk yana cikin ƙa'ida, muddin yana fita da laushi ba tare da yunƙuri ba. Sannan a ɗauki zare a auna tsayin mutum daga ƙasa zuwa ka, a ninka zaren biyu, a zagaya shi a ciki daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu. Idan bakin zaren bai haɗu ba, faɗin ciki ya wuce rabin tsayi ke nan, kuma wannan alama ce ta kitsen da ke taruwa a kewayen hanta da hanji, wanda shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Na fi amincewa da wannan zare a kan sikeli, domin akwai mutane da yawa marasa jiki sosai da ke ɗauke da teɓa.

Akwai waɗanda wannan jagora ba tasu ba ce tukuna. Wanda ke ganin jini a bayan gida ko yana fita baƙi kamar kwalta, wanda ke ramewa ba tare da ya nema ba, wanda abinci ke maƙale masa a maƙogwaro, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yanayin bayan gidansa ya canza makonni da yawa bayan ya haura shekara 45, asibiti ya kamata ya nufa. Kada a yi saurin cewa basir ne a tafi wurin mai jiƙe-jiƙe, domin ciwon dajin hanji ma da irin waɗannan alamu yake fara sallama.

Mataki na biyu: a dawo da dusa cikin tuwo

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, don haka zan daɗe a kansa. A 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta bayan gidan yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen irin wanda kakanninmu suka sani ne: gero da dawa da aka niƙa a dutse, da wake, da ganye, da ɗorawa. An sami hanjinsu cike da nau'o'in bakteriya masu narkar da faiba, irin su Prevotella, waɗanda kusan babu su a yaran Italiya, an kuma sami sinadaran nan masu tsami da yawa a jikinsu fiye da na takwarorinsu. Wannan ba ya nufin yaran ƙauyen sun fi lafiya ta kowace fuska, domin suna fama da cututtuka da ƙarancin abinci mai gina jiki da yaran Turai ba su sani ba. Abin da ya nuna shi ne hatsinmu, idan ba a yi masa tsirara ba, abinci ne na musamman ga hanji.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai inji ya ga inda asarar take. Mace za ta kawo kwano biyu na masara ko dawa, a jiƙa shi kaɗan a zuba a injin surfe, hatsi ya fito fari tas ta baki ɗaya, dusa ta taru ta ɗaya bakin, mai inji ya tara ta a buhu ya sayar wa masu kiwo. A gida kuma a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi har sai gari ya zama kamar hoda. Tuwon zai fito fari mai santsi, a yaba wa uwargida, amma mafi yawan faibar da wani kaso na bitamin B da sinadarin ƙarfe sun tafi garke. Haka abin yake ga farar shinkafa da burodi da taliya da fulawa: kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa ba ya ɗauke da ko giram ɗaya na faiba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 25 a rana.

Wani zai ce, ai da dusa ake ƙiba ragon layya, ta yaya za ta rage wa mutum teɓa? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin halittar dabbar. Rago da saniya suna da babban tumbi a gaban hanjinsu inda bakteriya ke ruɓar da ciyawa da dusa tun farko, kuma daga nan suke samun mafi yawan ƙarfin jikinsu. Mutum kuwa sai a ƙarshen hanya, a babban hanji, ake wannan aiki, abin da yake samu daga ciki bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na bukatarsa ba. Ga mutum, dusa tana cika ciki, tana rage saurin shigar suga cikin jini, tana kuma riƙe ruwa a bayan gida ya yi laushi.

Ga yadda za a yi. A zaɓi hatsi mai kyau wanda bai yi fumfuna ba, a tsince, a wanke shi sosai a rege tsakuwa, tunda ɓawon da ƙura da maganin ƙwari ke zama a kai yanzu ba za a cire shi ba. A shanya ya bushe ƙarau, a kai niƙa ba tare da surfe ba. A makonni biyun farko a haɗa rabin wannan gari da rabin wanda aka saba, saboda ciki ya saba, mutanen gida ma su saba da launi da ɗanɗano. Kada a niƙa da yawa, domin garin da ke da dusa yana ɗauke da man ƙwayar hatsi, yana saurin canza wari a lokacin zafi. Na mako ɗaya ko biyu ya isa. Gero da dawa da alkama duk suna karɓar wannan, kuma ɓarzajjen hatsi irin na dambu da burabusko da fate ya fi gari mai laushi jinkirin narkewa. Jiƙa hatsi ya kwana ko barinsa ya ɗan yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wani sinadari da ke cikin dusa mai hana jiki ɗaukar ƙarfe, saboda haka tsohuwar dabara ce da bai kamata a yar ba.

Ɗumame ma yana da nasa amfani. Idan tuwo ko shinkafa ko dankali ya dahu ya huce, wani ɓangare na sitacinsa yana daskarewa ya ƙi narkewa a ƙaramin hanji, sai ya wuce ya zama abincin bakteriya, kuma ɗumamawa ba ta mayar da shi duka yadda yake. Ribar ba ta da yawa, amma kyauta ce. Sharaɗin shi ne a adana abincin da kyau, musamman shinkafa, wadda ke saurin lalacewa idan ta kwana a ɗaki mai zafi, a kuma ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya.

Mataki na uku: wake da ganye, a hankali

Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kimanin giram 11 na faiba, kusan rabin bukatar yini, ga kuma sinadarin gina jiki da ke riƙe ciki. Wanda ya saba cin shinkafa zalla ya koma garau-garau, ya riƙa ƙara wake yana rage shinkafa har su zo daidai. Waken da aka dafa da ɓawonsa ya fi wanda aka surfe domin ƙosai ko alala, kuma tsakanin waɗannan biyun alala ta fi, tunda ƙosai yana shan mai. Gujjiya da waken suya da gyaɗa da riɗi da aya duk suna cikin wannan sahu, sai dai gyaɗa da riɗi suna da mai sosai, cikin tafin hannu ɗaya ya wadatar.

Dole a faɗi gaskiya game da iska. Wanda ya tashi daga farar shinkafa ya faɗa wa wake da dusa a rana ɗaya zai sha kumburin ciki da ƙugi, ya ce abin bai karɓe shi ba, ya bari. Iskar alama ce cewa bakteriya na aiki, kuma ga mafi yawan mutane tana raguwa cikin makonni kaɗan idan aka ci gaba. A fara da cokali uku ko huɗu a rana, a ƙara bayan kwana huɗu ko biyar. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa ya yi laushi sosai. A ƙara shan ruwa, domin faiba ba tare da ruwa ba tana iya ƙara taurin bayan gida maimakon ta warware shi.

Ta fannin ganye Allah ya yi mana arziki: kuka, kuɓewa, zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, karkashi, alayyafo, kabewa, gauta da yalo. Matsalarmu ita ce yawan da muke ci, domin malmalar tuwo uku da ludayin miya ɗaya ba cin ganye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da kwaɗon zogale ko na rama abincin kullum, a ci shi kafin tuwo, a rage ƙuli da mai a ciki, sannan a juya lissafin kwano: rabi ganye da miya, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo. Bambancin iri ma yana da muhimmanci, tunda kowace bakteriya da abin da take so. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa masu cin tsirrai iri 30 ko fiye a mako sun fi masu cin iri 10 ko ƙasa yawan nau'o'in bakteriya. Adadin yana da ban tsoro a ji, amma idan aka ƙirga albasa, tafarnuwa, citta, tsamiya, goruba, magarya, ɗinya, gwaba, mangwaro da kayan miya, za a ga ba shi da nisa. 'Ya'yan itace a ci su da ƙwarinsu, kada a matse a sha ruwan a zubar da tuƙar.

Canjin ba ya jiran shekaru. A wani gwaji da aka wallafa a 2015, baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka sun yi musayar abinci da mutum 20 na karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu na mako biyu kacal. Amurkawan da suka koma cin masara da wake da ganye, fiye da giram 50 na faiba a rana, samar da butiret a hanjinsu ya ninka sau biyu da rabi, alamun kumburi a bangon hanji suka ragu. Mutanen karkarar da aka ba nama da maiƙo da abinci marar faiba kuwa nasu alamun suka lalace cikin wannan ɗan lokaci. Darasin yana da fuska biyu: hanji yana saurin gyaruwa, yana kuma saurin komawa gidan jiya idan aka saki.

Mataki na huɗu: abinci mai tsami

A 2021 masana na Jami'ar Stanford suka raba mutum 36 gida biyu na mako 10, wasu suka ƙara faiba, wasu suka ƙara abincin da aka bari ya yi tsami irin su yogot. Masu cin mai tsamin ne nau'o'in bakteriyarsu suka ƙaru, alamun kumburi 19 a jininsu suka ragu. Mu namu shi ne kindirmo da nono. Kofi ɗaya a rana ba tare da sukari ba ya isa a fara. A tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan zazzaɓi, a kuma kula da ruwan da ake sirka nono da shi. Koko da daddawa suna bi ta wuta, don haka bakteriyarsu ba ta isa hanji da rai, ko da yake suna da nasu amfanin, kuma daddawa tana taimakawa a rage dunƙulen ɗanɗano mai yawan gishiri. Fura da nono abinci ne cikakke, a ɗauke shi a matsayin kalaci guda, kada a sha shi a kan tuwo, kuma a janye hannu daga sukari.

Mataki na biyar: abin da za a rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga baligi, wato ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba suna da kimanin giram 10 a kowace mililita 100, saboda haka roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa ba su tsira ba, sau da yawa zaƙinsu ya kai na lemo, haka ma shayin mai shayi da madarar gwangwani. A rage a hankali, cokali ɗaya duk mako, harshe zai saba. Game da biskit, cincin, taliyar leda da sauran kayan masana'anta, wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a Amurka a 2019 ya nuna cewa mutum 20 da aka bari su ci iya son ransu sun riƙa cin ƙarin kimanin kalori 500 a rana idan abincin irin wannan ne, suka ƙara kusan kilo ɗaya cikin mako biyu. Mai ma a riƙa aunawa da cokali maimakon a tuttula daga galan.

Mataki na shida: a daina yi wa hanji ɓarin wuta

Abin da ya fi damuna a duk wannan batu shi ne yadda muke shan maganin kashe bakteriya kamar gyaɗa. Ciki ya ɗan murɗa, sai a aika yaro kemis ya sayo Flagyl da ja-da-yalo guda bibbiyu; mura ta kama, sai a nemi kafso, alhali mura ba bakteriya ke kawo ta ba. Waɗannan magunguna ba sa bambanta mai amfani da mai cutarwa. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an ba maza 12 masu lafiya irin waɗannan magunguna masu ƙarfi guda uku na kwana huɗu. Hanjinsu ya ɗauki kimanin wata ɗaya da rabi kafin ya kusa komawa daidai, kuma bayan wata shida akwai nau'o'i tara da ba su dawo ba a mafi yawansu. Masu kiwo a ƙasashen Yamma sun daɗe da sanin cewa ƙaramin awo na waɗannan magunguna yana sa dabba saurin girma, har Tarayyar Turai ta haramta amfani da su don haka a 2006. Idan likita ya rubuta, a sha yadda ya ce, domin suna ceton rai. Gudawa ta yau da kullum kuwa abin da take bukata shi ne ruwan gishiri da sukari, ga yara a haɗa da maganin zinki, sai idan akwai jini ko zazzaɓi mai zafi ko alamun bushewar jiki, a nan a garzaya asibiti.

Maganin wankin ciki da shayin rage ƙiba ma a yi hattara da su. Da yawansu suna ɗauke da filasko ko danginsa, aikinsu shi ne su tsokani hanji ya yi zawo. Abin da ke sauka a sikeli ruwa ne, zai dawo cikin kwana biyu, kitse yana nan inda yake, kuma yawan sha yana zubar da gishirin jiki ya wahalar da zuciya da ƙoda. Babu wani datti da ke maƙale a hanjin mai lafiya da ke jiran a wanke shi. Kafson bakteriya masu rai da ake sayarwa da tsada suna da amfani a wasu cututtuka ƙalilan, amma a kan rage ƙiba tasirinsu ƙarami ne ƙwarai. Ko bakteriyar hanji mai suna Akkermansia, wadda aka gano a Jami'ar Wageningen ta Holan a 2004 ake kuma yawan yabonta, a gwajin da aka yi a Beljiyam a 2019 ta inganta yadda jiki ke amsa insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, amma saukar nauyin da aka gani ba ta kai a kafa hujja da ita ba. 

Mai fama da ƙwannafi da zafin ciki na dogon lokaci ya nemi a yi masa gwajin Helicobacter pylori, bakteriyar da Barry Marshall da Robin Warren suka nuna tana haddasa gyambon ciki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Wannan ita kam ana kashe ta ne da haɗin magunguna na musamman a hannun likita.

Mataki na bakwai: tafiya, barci da azumi

Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin minti 150 da ake so, tana kuma motsa hanji. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi sauƙi a lokacin zafi. Barcin da bai kai awa bakwai ba yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Mai azumi, na Ramadan ko na Litinin da Alhamis, ya sa wake ko tuwon da ke da dusa da kindirmo a sahur, domin sun fi burodi da shayi riƙe ciki, ya kuma buɗe baki da dabino da ruwa da ganye kafin soye-soye.

Yadda za a gane ana ci gaba

A ba shirin mako 12, ana shigo da mataki ɗaya duk mako ɗaya ko biyu. Alamar farko da za a gani a bayan gida take: zai riƙa zuwa a kan lokaci, da laushi, ba tare da daɗewa a tsugune ba. Ta biyu ita ce yunwar tsakanin abinci za ta ragu. Sikeli a hau shi sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya. Saukar rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya taɓa suga da hawan jini. Zaren nan na matakin farko a sake zagaya shi duk ƙarshen wata. Idan ciki ya gyaru amma nauyi bai motsa ba bayan mako shida, a koma littafi a duba yawan tuwo da mai da abin sha, galibi a nan matsalar take.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya sanar da likitansa kafin ya fara, domin suga na iya sauka fiye da kima idan abinci ya canza magani bai canza ba. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara wake da ganye sai da izinin likita. Mai juna biyu za ta amfana da hatsi da ganye da kindirmo, amma ba lokacin neman rage nauyi ba ne. Wanda kuma ya bi a hankali amma kumburi da ciwon ciki suka ƙi lafawa bayan wata guda, ya koma kan adadin da cikinsa ke ɗauka, ya tafi asibiti da littafinsa a hannu, domin abin da ya rubuta zai taimaka wa likita ya gane ko wake ne, ko madara, ko alkama, ko wani abu dabam.